Hancina da Cikin Alhaji a Osaka

Shekarar da jirgin ƙasa ya mace a tashar Kafanchan ya kwana huɗu, fasinjoji suka cinye duk ayaba da gyaɗar da ke kasuwa, ita ce shekarar da na je Japan. Shekara uku ke nan bayan rikicin da aka ƙona gari. Ke Rifkatu kina aji biyu a firamare, kai kuma Ishaya kana goye, saboda haka abin da kuka sani game da tafiyar a bakin mutane kuka ji shi. Na san abin da ake faɗi: wai ubanku ya ɓata wa ƙungiyarmu ta manoma cinikin citta saboda faranti ɗaya na abinci. Ban taɓa tsayawa yin musu da kowa ba. Amma tunda Ubangiji ya ba ni hannun rubutu da girmana, gara ku ji daga wurin wanda ya ɗanɗana.

Wani kamfani ne a birnin Osaka yake sayen busasshiyar cittarmu ta hannun 'yan Legas. Suka aiko cewa cittar ta fi kowace yaji, sai dai tana isa da ƙasa da tsakuwa, har an taɓa samun silifas ƙafa ɗaya a cikin buhu. Suna son mutum uku su zo na mako uku, su ga yadda ake wankewa da yankawa da shanya. Ƙungiya ta zaɓi Oga Sande Okeke, sakatarenmu, ɗan direban jirgi, haifaffen kwatas ɗin reluwe, mai Turanci kamar ruwa da Hausa kamar ɗan Kano. Ta zaɓi Alhaji Ummaru, wanda ya fi kowa sayen citta a kasuwa. Ni kuma aka saka ni don tawa ba ta yin fumfuna. A lokacin shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci na ikkilisiyarmu, ina iya rubuta sunana, ina karanta allon mota idan direba bai cika gudu ba.

Ni da Alhaji mun daɗe. Kafin rikici, idan na kai masa kaya aka auna, mukan zauna a kan buhu mu sa hannu a kwano ɗaya, dambun gidansa ko tuwo. A rikicin aka ƙona sitonsa, aka ƙona majami'armu. Bai ce ni ne ba, ban ce shi ne ba. Amma kwanon bai ƙara fitowa ba. Sai "sannu" da "yawwa sannu", a ɗora buhu a sikeli, kowa ya kama gabansa.

Ranar da za mu tashi uwarku ta cika mini jaka da gari da ƙuli-ƙuli, tana mita.

"Baban Rifkatu, mutanen da ke cin shinkafa da tsinke, yaushe za ka ƙoshi a wurinsu? Kai da sai ka tashi da malmala uku?"

"Mako uku ne kawai, Saratu."

"A mako uku akuya take ramewa."

Alhaji shi ya fi mu shiri. Jaka guda ya cika da kilishi, ya ce wani abokinsa a Kano ya gaya masa a ƙasar nan ko ruwan sha sai an ɗiga masa man alade. Muna sauka a Osaka, wani ɗan ƙaramin kare mai kunne kamar ganyen gwaza ya zo ya zauna a gaban jakar. 'Yan kwastan suka sunkuya wa Alhaji sau uku, suka ba shi haƙuri da ladabin da ban taɓa gani ba, suka tafi da kilishin duka. Alhaji ya bi jakar da kallo har ta sha kwana.

"Kare ya shinshina, ai dama ta haramta," in ji shi. Amma muryarsa irin ta mai dawowa daga jana'iza ce.

Aka sauke mu a wani masauki kusa da layin dogo, ni da Alhaji ɗaki ɗaya. Da safe ana ba mu burodi da shayi, abincin rana da na yamma kuwa mu nema a gari. Ni da Sande muna cin abin da muka samu. Alhaji ya ƙi taɓa komai sai burodin safe da garin uwarku, gari kuwa ya ƙare a kwana huɗu. A rana ta shida muna tsaye ana nuna mana injin yankan citta, sai na ga babbar rigarsa tana lilo kamar an shanya ta a igiya. Na tare shi kafin ya kai ƙasa. Mis Yoko, yarinyar da kamfani ya ba mu ta riƙa fassara, ta gaya wa Sande cewa idan Alhaji ba shi da lafiya dole a mayar da shi gida, takardarmu kuwa ta mutum uku ce, in ɗaya ya tafi duka mun tafi.

Da muka koma ɗaki Alhaji ya kwanta yana kallon silin. Can ya kira ni.

"Bulus."

"Na'am, Alhaji."

"Kai kana cin abin nan, ko?"

"Wane abu?"

"Kada ka sa in kama suna. Mai dogon baki."

"Ina ci, Alhaji. Uku ma gare ni a bayan gida."

"Subhanallahi. To, ka san warinsa?"

"Mu ƙanshi muke cewa."

"Giya fa?"

"Na tuba tun kafin a haifi Rifkatu. Amma hancin bai tuba ba."

Ya tashi zaune. Ya ce nama dai ba zai ci ba tunda bai san wanda ya yanka ba, amma kifi ba ya bukatar yanka, haka ƙwai da ganye. Abin da yake tsoro shi ne abin da ake ɓoyewa a cikin miya da mai. Idan zan riƙa shiga gaba in shinshina, in ɗanɗana, in ce masa a ci ko kada a ci, to zai ci. Ya faɗi wannan bai dube ni ba. Na san abin da ya yi masa nauyi: zai ɗauki cikinsa da addininsa ya ɗora a kan maganar mutumin da suka shekara uku ba su haɗa kwano ba. Na ce masa to.

Washegari muka fita nema. Sande ya sayo wani littafi a filin jirgi, na Turanci, mai sunayen gidajen abinci. Shi ne a gaba, littafi a hannu, mu biyu a baya kamar 'yan makaranta. Wurin farko da ya kai mu, an jera abinci a cikin gilashi a bakin ƙofa, kala-kala, sai sheƙi. Alhaji ya daɗe yana leƙe.

"Sande, farantin nan jiya ma na gan shi da muka wuce. Har yau wake bakwai ne a kai."

"Sanyin ƙasar ne, Alhaji, abu ba ya lalacewa."

"Ba tururi, ba ƙuda. Abincin da ƙuda ya ƙi, ni Ummaru zan ci?"

Akwai wani faranti da aka ajiye a waje a kan tebur. Na faki ido na taɓa ƙwan da ke kai. Roba ne. Duka na roba ne, an yi su ne don mai wucewa ya ga abin da ake dafawa. Alhaji ya ce wanda ya iya yin ƙwan ƙarya, naman ƙarya ba zai gagare shi ba, muka wuce.

Wuri na biyu layi muka tarar har bakin titi. Mu kuwa a shekarun nan, in ka ga layi shiga kake yi tukuna, sannan ka tambayi abin da ake rabawa. Muka shiga. Muna matsawa kaɗan-kaɗan sai iska ta juyo daga ƙofa. 'Ya'yana, ƙashin alade ne ake dafawa tun daren jiya, har ruwan ya yi fari. Nan take na ga kaina a kasuwar aladu ranar Alhamis, a gindin mangwaro, da kwano a hannu. Bakina ya cika da yawu.

"Me ka ji?" in ji Alhaji.

"Alhaji, mu gudu."

Muka fita daga layi. Sande ya ce shi zai tsaya ya bincika don ya rubuta rahoto. Ya same mu bayan awa guda, leɓensa na ƙyalli, yana ta rantsuwa wai ba daɗi.

Kwana biyu littafin nan yana yawo da mu. Sau da yawa ma ba mu gane wurin ba, domin littafin da baƙaƙen Turanci aka rubuta shi, allunan titi kuwa da nasu rubutun, wanda ya yi kama da sawun kaji a kan taɓo. Sande ya tsaya a tsakiyar mararraba, mutane na wucewa kamar tururuwa, yana juya littafi sama da ƙasa, gumi na zuba. Na tausaya masa, domin na san wannan tsayuwar. Shi ranar ya fara zama wanda bai iya karatu ba. Ni kuwa na shekara arba'in a cikin sana'ar, kuma ban taɓa kwana da yunwa a Jos ko Kaduna ba.

Na ce masa, "Oga Sande, sa littafin a aljihu. Yau ni zan ja."

Ga yadda marar karatu yake neman abinci a baƙon gari. Ba ya kallon allo, mutane yake kallo. Ba ya bin mai kwat, domin mai kwat yana iya cin abu marar daɗi don a gan shi. Direba yake bi, da ɗan dako, da lebura, waɗanda in abinci bai riƙe ciki ba gobe ba za su koma ba. Yana neman hayaƙi. Yana guje wa wurin da mai tsaron ƙofa ya cika fara'a alhali kujeru ba kowa. A can kuma na ƙara da ɗaya: suna rataya ɗan labule a ƙofar gidan abinci, sai in duba inda hannu ke ɗagawa. In wurin ya yi baƙi ya koɗe, to akwai magana a ciki. Na kuma roƙi Mis Yoko ta zana mini alamarsu ta alade da ta kifi a bayan littafina na aji. Ban tambayi yadda ake faɗinsu ba, siffarsu na riƙe, kamar yadda a dā nake gane motar Gwantu da baƙin farko mai kama da lauje. Alade tsani ne mai mataki biyu, da tsohuwar tsintsiya a gefensa. Kifi kuma taga ce mai ido huɗu, da ɗigo huɗu a ƙasa kamar an hura mata wuta.

Da rana ta take muka tsaya kusa da wani gini da ake yi. Sai ga leburori sun fito, da wando buje-buje, da tawul ɗaure a ka, da takalmi mai rababben yatsa kamar kofaton akuya. Muka bi bayansu, ni da Sande da Alhaji da babbar riga. Suna waiwaye, muna murmushi. Suka shiga wani lungu a ƙarƙashin gadar jirgi, inda hayaƙi ke fita ta wata 'yar taga. Labulen ƙofar ya koɗe har ba a gane launinsa. A rubutun jikin bango ga alamar taga mai ido huɗu, tsani da tsintsiya kuwa sau ɗaya kawai na gan su, can a ƙarshe. Na ja iska. Gawayi, gishiri, man kifi. Na ƙara ja.

"Alhaji, titus ne!"

"Wane titus?"

"Kifin ƙanƙara! Irin wanda ake soyawa a Sabon Tasha!"

Wurin bai fi shagon tela ba. Wata tsohuwa ce mai shi, gajera, bayanta ya ranƙwafa, muka sa mata suna Iya. Na nuna kifin da ke kan wuta, na ɗaga yatsa uku. Ta kawo wa kowa tirensa: shinkafa fara mai danƙo, rabin kifi, da wata miya ruwa-ruwa a ƙaramin kwano. Na ja tiren Alhaji gabana. Na shinshina kifi, na gutsura. Na kurɓi miya na riƙe a baki, leburori goma sun daina ci suna kallona. Wake ne aka ruɓar, sai kifi, sai ganye.

"Kamar daddawa ce, Alhaji. A ci."

Ya dube ni, ya dubi tiren. Jirgi ya wuce a samanmu, kwanuka suka yi ta rawa. Sai ya ce bismillah, ya ɗauki tsinkayen nan biyu. Ya kai wa kifi hari, kifi ya yi tsalle ya faɗa cinyar lebura. Lebura ya ɗauka da ladabi ya mayar masa. Alhaji ya ajiye tsinke, ya naɗe hannun riga, ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya cusa shi a shinkafa. Iya ta rufe baki tana dariya har da hawaye. Ya ci kwano uku. Da ya gama ya jingina da bango ya yi gyatsa, ya ce ashe ƙasar nan akwai mutane.

Daga ranar wurin Iya ya zama gida. Sau ɗaya ta canza miya, tun tana tahowa na ji abin. Na buɗe littafina na nuna mata tsani da tsintsiya, na nuna Alhaji, na gicciye hannu. Ta buga goshinta, ta mayar, ba ta ƙara kuskure ba. Da yamma kuma muna gwada wasu wurare da dabarar nan tawa. Mun sami wani a cikin tasha inda ake shan taliya mai kauri a tsaye, kowa na zuƙa da ƙara kamar famfo ya ja iska. Alhaji ya ce shi ba doki ba ne da zai ci a tsaye, ya ɗauki kwanonsa ya tsuguna a gindin kanta, mutane na tsallake rigarsa suna ba shi haƙuri. Mun bar wasu wurare uku saboda na ji giya a cikin romo. Wata rana muka ga ana soya wani abu a bakin titi, dunƙule-dunƙule kamar ƙosai. Na ɗanɗana, babu abin tsoro, na ce a ci. Alhaji ya gatsa, sai ya zaro wata ƙafa mai ƙuraje daga bakinsa.

"Bulus, wannan fa?"

"Ban san sunansa ba, Alhaji. Amma ba shi ba ne."

"Na ruwa ne?"

Na nuna wa mai suya ƙafar, na yi alamar iyo. Ya gyaɗa kai.

"Na ruwa ne."

"To, halal ne." Ya haɗiye da ƙyar. "Amma ba kowane halal ne ake maimaitawa ba."

Kafin mako na uku kumatunsa sun dawo. Ya koma tsokanata kamar dā, yana kirana Sarkin Hanci. In mun zo ƙofa sai ya tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a shiga gaba."

Saura kwana biyu mu taso ruwan sama ya dake ni, mura ta kama ni. Hancina ya toshe ƙam, ko hayaƙin Iya ba na ji. A ranar ƙarshe kuma mai kamfanin da kansa, wani dattijo mai furfura da ba mu taɓa gani ba, ya gayyace mu cin abincin rana. Sande ya ce bayan an ci za a sa hannu a takardar sayen cittarmu kai tsaye, ba sai ta bi ta Legas ba. Abin da ƙungiya ta fi sa rai a kai ke nan.

Wurin ba irin namu ba ne. Babu hayaƙi, labulen ƙofa sabo fil. Aka cire takalma, aka zauna a kan tabarma a gaban gajeren tebur, abin da ya yi wa Alhaji daɗi. Mata masu doguwar riga suka shigo da faranti, suka durƙusa suka ajiye wa kowa. Nama ne an yanka shi falle-falle, an soya da albasa, ya yi ja yana ƙyalli. Dattijo ya yi jawabi. Mis Yoko ta fassara wa Sande, idonta a kan tabarma, muryarta ƙasa-ƙasa. Sande ya juya mana: wai dattijo ya aiko da cittarmu ta Kafanchan musamman aka dafa wannan da ita, domin mu ji yadda gumin gonarmu yake a bakinsu.

Alhaji ya matso kusa da ni.

"Sarkin Hanci, nama ne. Ka san ba na ci. Amma dattijon nan ya girmama mu, kuma an ce abincin baƙunci akwai sassauci in dai dabbar ta halal ce. Mene ne?"

Na ja iska, ban ji komai ba. Sande ya sunkuyo ta ɗaya gefen, yana murmushi don dattijo, yana magana ta gefen baki.

"Rago ne. Oga Bulus, ka ce rago ne."

"Bari in ɗanɗana."

Na ɗauki falle ɗaya na sa a baki. Mura tana toshe hanci, amma ba ta toshe harshen da ya shekara arba'in yana aiki. Shi ne. Kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin irinsa ba. Taushi kamar ayaba, kitsen ya narke, ga zaƙi kaɗan, ga yajin cittar da na san irin ƙasar da ta fito. Na lumshe ido. Sande ya mintsine ni a cinya.

"Allah ba ya kama mutum da abin da bai sani ba," in ji shi. "Manoma ɗari biyu na jiranmu. Kalma ɗaya ce."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne. Na tuna mutanenmu da 'yan Legas ke yi wa wayo kowace kaka. Na tuna kuma cewa in na ce rago ne, farantin nan da ke gabana nawa ne har ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, wannan tunanin ya fi na manoma ƙarfi. Alhaji ya riga ya naɗe hannun riga, yatsunsa na saman faranti, yana jirana kamar yadda ya jira ni sau talatin da wani abu. Shi ba zai taɓa sani ba. Amma ni zan kai masa citta kowace shekara, in tsaya a gaban sikelinsa ina sane.

"Alhaji, janye hannunka. Shi ne."

Ya janye kamar ya taɓa garwashi. Dattijo ya ga abin, ya tambaya. Mis Yoko ta yi bayani. Ashe ta sani tun da aka shigo da farantin, nauyin maigidanta ya hana ta magana. Fuskar dattijo ta yi ja har kunne. Ya ja da baya, ya dafa tabarma da hannu biyu, ya kai goshinsa ƙasa a gaban Alhaji. Alhaji ya zabura.

"Ku ɗaga shi! Sande, ɗaga shi! Ba a yi wa mutum sujada!"

Dattijo ya ɗago, ya ga Alhaji a tsaye yana ɗaga murya, ya zaci fushi ne, ya sake komawa ƙasa. Alhaji ya durƙusa yana jan kafaɗarsa. Kafin a raba su sai da Mis Yoko ta yi kuka. Dattijo ya tafa hannu, matan nan suka shigo suka fara kwashe faranti. Ba na Alhaji kaɗai ba, na kowa. Na riƙe bakin farantina da yatsa biyu. Matar ta sunkuya mini, ta ja a hankali. Na ƙara riƙewa. Ta ƙara sunkuyawa, ta ƙara ja. Na saki.

Abin da aka kawo a madadinsa kifi ne ɗanye, an yanka an jera kamar furanni. Alhaji ya ce a tambaya ko gawayi ne ya ƙare musu, Sande ya ƙi fassarawa. Don ya cire wa dattijo kunya, Alhaji ya rufe ido ya haɗiye yanka biyar. Ni kuma na ga wani ɗan curi kore a gefe, na zaci fiya ce, na jefa duka a baki, ashe wani yaji ne nasu. Hancin da ya kwana biyu a toshe ya buɗe har ƙwaƙwalwa. Hawaye suka yi ta zuba. Dattijo ya ga ina kuka, ya kama hannuna ya riƙe, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Ba a fito da takarda ba ranar. Aka ce za a aiko ta gidan waya. Ba ta zo ba har yau. Wasu sun ce kunya ce ta hana dattijon, wasu sun ce dama sun sami citta mai araha a wata ƙasa. Ni ban sani ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani ƙarya yake yi. Sande ya ba da rahotonsa a taron ƙungiya, aka cire ni daga kwamitin da nake ciki.

Bayan mako biyu da dawowarmu, da tsakar rana, sai ga sallama a ƙofar gida. Alhaji ne. Bai taɓa taka gidanmu ba ko kafin rikici. Ya zauna a kan benci a gindin gwaiba, ya naɗe hannun riga, ya ce ya ji ana yabon miyar karkashin Maman Rifkatu. Uwarku ta ja ni kicin, ido waje.

"Baban Rifkatu, kifi ne a miyar. Amma tukunyar nan, ka san abin da na dafa a ciki ran Lahadi..."

Na fito. Alhaji ya ɗago kai.

"Sarkin Hanci, a ci?"

"Yau dai a'a, Alhaji."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Aka gasa masa doya ya ci da manja. Washegari ya aiko da sabuwar tukunya da ludayi. Ran Asabar ya dawo, aka zubo tuwo a kwano ɗaya, ya tura shi tsakiya ya ce in sa hannu. Daga nan ya riƙa zuwa, kuma bai taɓa faɗin ranar da zai zo ba. Yana ci, su kuma mutanen nan uku na bayan gida suna gurnani ta katanga. Bai taɓa cewa komai ba, sai dai ya ɗan ɗaga murya. Ni ne na gaji da jin kunya, wata Alhamis na kora su kasuwa.

Ga abin da tafiyar ta ci. Alhaji ya rasa kilishi jaka guda. Ƙungiya ta rasa takarda, ko da laifina ko babu. Ni na rasa kujerar kwamiti, da gaisuwar Sande ta shekara biyu, da aladu uku. Uwarku ta rasa tsohuwar tukunyarta, wadda ta ce ta fi sabuwar daɗin miya. Sai kuma faranti ɗaya a Osaka, mai falle tara, wanda na ci ɗaya.